Yadda ake gane shekarun tsohuwar Fijo daga jikinta kafin a yi mata gyara

Ranar Laraba ce babbar ranar cin Kasuwar Shanu ta Potiskum a Jihar Yobe, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma. Tireloli ne ke kwashe shanu zuwa Legas da Fatakwal da sauran biranen kudu, amma ƙananan motoci ne ke shigo da awaki da tumaki da harawa da buhunan dusa daga ƙauyuka da kasuwannin kewaye irin su Ngalda da Ngelzarma. A cikinsu har yanzu ana cin karo da tsoffin Fijo 504, musamman a-kori-kura da wagon, waɗanda wasu daga cikinsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su.

Mai sayen sa a wannan kasuwa ba ya dogara da bakin dillali a kan shekarun dabba. Buɗe bakin san yake yi ya duba haƙora, domin ƙiba da sheƙin fata abubuwa ne da dusa da harawa ke iya kawowa cikin 'yan watanni. Tsohuwar mota ma tana da nata haƙoran, sai dai akasarin masu saye fenti da fitilu suke kallo, alhali su ne aka fi saurin sauyawa. Kuskure a nan yana da tsada. Mutum kan sayo ƙofa daga Kano ko Kaduna ta ƙi dacewa da motarsa, ko ya biya kuɗin mota ta shekarun 2000 a kan gangar jikin shekarun 1970, ko ya ɗora tan guda na kaya a kan motar da ba a ƙera ta don ɗaukar wannan nauyi ba.

Daga Sochaux zuwa Kakuri

Kamfanin Peugeot na Faransa, wanda babbar masana'antarsa ke garin Sochaux, ya fito da 404 a shekarar 1960. Ana gane ta da fitilun gaba masu zagaye da kuma tsinin da ke saman fitilun baya. A 1968 aka gabatar da 504, wadda kamfanin zane na Pininfarina da ke Italiya ya tsara fasalinta kamar yadda ya tsara na 404, kuma ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. Wagon ɗinta ta biyo baya a 1971, sannan a-kori-kura a ƙarshen shekarun 1970, wadda ta gaji a-kori-kurar 404.

A Najeriya, an kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a watan Disambar 1972 da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da kamfanin na Faransa, kuma masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. A shekarun farko, ta jirgin sama ake ɗauko sassan motocin daga Lyon zuwa Kano, daga nan a kai su Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta rungumi tsarin rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Daga ofisoshi ta gangaro tashoshin mota, daga tashoshi ta shiga kasuwannin ƙauye.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai gyara shi ne wannan: an daina ƙera salun ɗin 504 a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, inda aka haɗa fiye da 400,000. An kuma haɗa ta a Kenya, an ƙera ta a Ajantina har 1999. Ke nan sunan 504 ya ƙunshi motocin da tazarar da ke tsakaninsu ta kusa shekara 40, daga ƙasashe daban-daban, kuma dukkansu suna iya haɗuwa a gareji guda a Potiskum, ko ma a jikin mota guda.

Abin da ke ciruwa da abin da ba ya ciruwa

Salun da wagon na 504 ba su da shasi na daban irin na babbar mota. Gangar jikin ce ke ɗauke da nauyin komai. Sassan jikin kuma iri biyu ne. Akwai waɗanda noti ko hinji ke riƙe da su: ƙofofi, murfin inji, murfin but, bamba, ragar gaba, fitilu, da kwanon da ke rufe tayoyin gaba. Yaron gareji na iya sauya kowanne daga cikinsu kafin azahar. Akwai kuma waɗanda aka haɗe da walda tun daga masana'anta: rufi, ginshiƙan da ke riƙe da shi, bangon da ya raba inji da wurin zama, daɓen ƙasa, da gefen baya. Waɗannan ba sa sauyuwa sai da yanka da wuta, kuma yanka ba ya ɓuya ga mai lura.

Saboda haka ƙa'idar farko ita ce a karanta shekarun mota daga sassa na biyu, a ɗauki na farko a matsayin shaidar da ke buƙatar mai gaskata ta. Ragar gaba da tambarin zakin da ke jikinta sun sauya fasali sau da dama a tsawon rayuwar 504, kuma littattafan masu tara tsoffin motoci a Turai suna ba su muhimmanci. A motar da ta shekara 30 tana bin hanyar Potiskum zuwa Gashuwa, wannan shaida ba ta da nauyi sosai. Gaban mota shi ke fara cin karo, shi ake fara sauyawa, kuma da abin da ya samu a kasuwa ake sauya shi.

Mariƙin ƙofa ya fi raga amfani. Motocin 504 na farko suna da mariƙi mai fitowa waje, wanda ake kamawa a danna. A tsakiyar shekarun 1970 aka koma mariƙi mai nutsewa cikin kwanon ƙofar. Bambancin bai tsaya ga mariƙin ba, domin kwanon ƙofar kansa an buga shi da gurbi daban, don haka ba a ɗora sabon mariƙi a tsohuwar ƙofa sai an yanka an yi ciko. Ƙofa ɗaya mai tsohon mariƙi a cikin huɗu tana nuna an taɓa sauya ta. Idan duka huɗun tsoffi ne, kuma launin fentin da ke ƙarƙashin robar ƙofa ya yi daidai da na ginshiƙi, to akwai ƙwaƙƙwaran dalilin ɗaukar motar a matsayin ta farkon shekarun 1970. A-kori-kurar 504 kuwa ta fito ne bayan wannan sauyi, saboda haka tsohon mariƙi a jikinta aro ne daga wata mota.

A ginshiƙin baya na salun, bayan gilashin ƙofar baya, akwai 'yar ragar fitar da iska wadda motocin shekarun farko ba su da ita. A farkon shekarun 1970 aka ƙara ta. Tun da ginshiƙin ba ya ciruwa, rashin wannan raga, in dai ba toshe gurbinta aka yi ba, shaida ce mai ƙarfi, kuma irin wannan mota ba Kaduna ce ta haɗa ta ba, domin masana'antar ba ta fara aiki ba a lokacin.

Tsawo ma yana magana. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.74 ce a salun, mita 2.90 a wagon, kusan mita 3 a a-kori-kura. Santimita 16 da wagon ta fi salun da su sun sa ƙofofinta na baya da gilasansu sun bambanta, ga rufinta da ya ɗan ɗaga daga tsakiya zuwa baya. Gaban motocin ne kawai ya yi tarayya. Wanda ya aika a sayo masa “ƙofar baya ta 504” bai faɗi komai ba tukuna.

A-kori-kura ta asali da wadda aka yanka

Wannan shi ne wurin da batun ya wuce na ado ya zama na rai. Akan samu wagon ko salun da ta tsufa a yanke bayanta, a yi mata bodin ƙarfe, ta koma ɗaukar kaya. Idan mai walda ya iya aikinsa aka kuma yi fenti, daga nesa ba a bambance ta da a-kori-kurar masana'anta. Leƙa ƙarƙashi ne ke raba gardama. A-kori-kura ta asali tana zaune ne a kan sifirin mai falle-falle, irin na manyan motoci, kuma an ƙarfafa bayanta don ɗaukar kimanin tan guda. Wagon tana da sifirin mai naɗi guda huɗu a baya, biyu kowane gefe. Salun ta farko kuwa kowace tayar baya da nata motsin, sai daga 1973 aka fito da samfurin L mai ƙarfe guda da ya haɗa tayoyin biyu.

Matsalar motar da aka yanka ita ce rufin da ginshiƙan da aka cire suna cikin abin da ke riƙe da ƙarfin jikinta. Da zarar an raba ta da su, nauyin ya koma kan daɓe da gefuna kaɗai, kuma alamar farko ita ce ƙofofi su fara ƙin rufuwa idan an yi lodi. Wasu masu walda kan ƙara mata ƙarfe a ƙasa, har su sa mata sifirin mai falle-falle; a nan sai a duba tsawon tazarar tayoyi da kuma irin waldar da ke riƙe da mazaunin sifirin. Waldar masana'anta ɗigo-ɗigo ce, ƙananan zagaye masu tazara iri ɗaya. Ta gareji layi ce mai kauri, kuma ko an goge ta an shafe da fenti, ta ciki tana nan.

Shi kansa bodin a-kori-kura ba abin dogaro ba ne wajen ƙididdige shekaru. Busasshiyar iskar Yobe tana kare ƙarfe daga tsatsa fiye da damshin kudu, abin da ya sa gangar jikin motocin yankin ke daɗewa, amma fitsari da kashin dabbobi suna cin daɓen bodi da sauri. Motar da ta daɗe tana jigilar awaki da wuya a same ta da daɓenta na asali. Haka abin yake ga manyan motocin dakon shanu, waɗanda galibi a cikin gida ake ƙera musu bodi: kan motar da shasinta ake dubawa.

Sitiyari da fitilu

Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972. Kafin wannan rana, motocin da ake shigowa da su don kasuwar ƙasar sitiyarinsu a dama yake, irin na Ingila. Don haka tsohuwar 404 ko 504 da aka sayar sabuwa a Najeriya kafin 1972 za ta kasance da sitiyari a dama, ko kuma da tabon mayar da shi hagu: ramukan da aka toshe a bangon inji inda sandar sitiyari da fedoji suka taɓa ratsawa. Motocin Kaduna duka a hagu suke, haka ma waɗanda suka shigo ta Nijar ko Kwatano. Sai dai sitiyarin dama shi kaɗai bai isa hujjar tsufa ba, tun da motocin da aka yi wa kasuwar Kenya da Ingila a dama suke ko da na baya-bayan nan ne.

Fitilun gaba na 504 masu kusurwa huɗu da ɗan karkace su ne fuskar da kowa ya sani. Akwai kuma masu ƙananan fitilu huɗu masu zagaye, waɗanda dokar Amurka ta wancan lokaci ta tilasta, kuma aka yi amfani da su a wasu kasuwannin. Wannan bambanci na kasuwa ne, ba ya nuna wacce ta girmi wacce. A Ajantina kuma an yi wa motar kwaskwarima a farkon shekarun 1990, aka sauya mata fitilun baya da bamba, don haka kayan can ba lallai su hau motar Kaduna ba ko da shekararsu ɗaya.

A nan ne mai amfani da jadawalin Turai ya kamata ya yi hattara. Jadawalin yana faɗin lokacin da sauyi ya fara a Faransa. Masana'antar da ke haɗa sassan da aka aiko mata takan ƙarar da abin da ke rumbunta kafin ta koma sabo, ga kuma kayan da ake samarwa a cikin gida kamar batir da taya da kujeru da fenti. Alamar jiki tana iya tabbatar da cewa mota ba ta girmi shekara kaza ba. Da wuya ta faɗi ainihin shekarar. Bugu da ƙari, a Faransa samfurin sabuwar shekara kan fara fitowa tun a rabin ƙarshe na shekarar da ta gabace ta, don haka motar da ake kira samfurin 1975 tana iya zama ƙirar ƙarshen 1974. Samfurin Kaduna na ƙarshe-ƙarshe da aka sani da Bestline shi ya fi daraja a idon masu saye da yawa, kuma kayan adonsa duka masu ciruwa ne, ana iya ɗora su a kan tsohuwar ganga.

Lambobi da takardu

A cikin ɗakin inji akwai ɗan farantin ƙarfe na masana'anta mai ɗauke da nau'in mota da lambarta, kuma an buga wannan lamba a jikin ƙarfen motar kansa. Dole biyun su yi daidai da juna, su kuma yi daidai da takardu. Faranti ana iya cire shi a maƙala wani, shi ya sa ake duba ƙusoshin da ke riƙe da shi da fentin da ke kewaye. Lambar da aka buga a ƙarfe ta fi wuyar sauyawa, sai an yanko wurin gaba ɗaya, kuma layin walda a kewayen lamba dalili ne na fasa ciniki, domin abin da ke biyo baya na iya zama maganar 'yan sanda.

Tsarin lambar mota mai haruffa da alƙaluma 17 ya zama gama-gari ne daga farkon shekarun 1980, kuma ta motocin Peugeot ƙirar Faransa tana farawa da VF3. Gajeriyar lamba tana nuni ga tsohon tsari. Akwai masu cewa harafi na 10 yana faɗin shekarar mota. Wannan doka ce ta kasuwar Amurka, kuma ba ta zama wajibi a kan motocin Turai ba. Lambar inji ba ta da amfani sosai a nan, tun da mota mai wannan shekaru ta ci inji biyu ko uku. Gilashi ya fi taimakawa: masu ƙera shi kan buga tambari a kusurwa, wasu da alamar shekara, kuma gilashin baya ko ƙananan gilasan gefe sun fi na gaba daɗewa ba a sauya ba. Ga motocin da aka ƙera a Faransa, cibiyar adana tarihin kamfanin, L'Aventure Peugeot, wadda ke da gidan tarihi a Sochaux tun 1988, tana bayar da takardar shaidar lokacin ƙira idan aka aika mata da lamba.

Lambar rajista kuwa tarihin takarda take bayarwa. An ƙirƙiro Jihar Yobe daga Borno a ranar 27 ga Agustan 1991, tsarin lambobin da ake amfani da shi yanzu ya fara a 1992, aka sabunta shi a 2011. Mota mai lambar Yobe tana iya girme wa jihar da shekara 15. Shekarar da ke kan takardun motar da aka shigo da ita ta hannu ma sau da yawa ta rajista ce.

Kafin fanel bita ya ɗora guduma, yana da kyau a bi jikin motar da ɗan maganaɗisu. Inda ya kama da ƙarfi ƙarfe ne, inda ya saki akwai cikon fila mai kauri, wato an taɓa bugun wurin. Asalin launin mota yana ɓuya a ƙarƙashin dardumar ƙasa, bayan dashbod, da cikin but inda mai feshi ba ya kaiwa. Wanda zai sayo ƙofa ko murfi daga masu kayan Beljiyam, gara ya tafi da tsohon ko da hotonsa ciki da waje, tare da awon tazarar hinji da mazaunin makulli, maimakon ya ambaci shekara kawai.

Gyara don aiki, gyara don tarihi

Mai a-kori-kurar da ke neman abincin iyalinsa da ita ba ya buƙatar kowane noti ya zama na shekarar ƙira. Abin da yake buƙata shi ne ƙofa ta rufu, ganga ta ɗauki nauyi, takardu su yi daidai da ƙarfe. Amma akwai rukuni na biyu da ke da ƙa'idoji masu tsauri. Ƙungiyar tsoffin motoci ta duniya, FIVA, tana ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi idan an adana ta a kan fasalinta na asali, kuma Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013 ta nemi a rubuta duk sauyin da aka yi wa mota, a kuma guji shafe alamomin rayuwar da ta yi. Bisa ma'aunin shekaru, duk 504 da Kaduna ta haɗa kafin tsakiyar shekarun 1990 ta cancanta.

Darajar irin waɗannan motoci tana tafiya ne da tarihinsu da kuma gaskiyar jikinsu. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmoud Ahmadinejad, a kan kimanin dala miliyan 2.5, kuɗin da sunan mai ita ya jawo. A gida kuma, baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta tana Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas da ramukan harsasanta, kuma da wani ya toshe su ya yi sabon fenti da ya lalata abin da ake zuwa gani. Tsoffin motocin fadojin sarakuna da na ma'aikatun gwamnati da ke ajiye a garuruwan arewa suna cikin wannan rukuni, kuma su ne suka fi fuskantar haɗarin gyaran da ya wuce kima: a cire bamba mai ƙyalli a sa ta roba, a sauya ƙofofi da na baya-bayan nan don motar ta yi kama da sabuwa. Masu wannan fanni kan ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance shi, su rubuta lambobin da ke jikinsa, su kuma ajiye duk abin da aka cire tare da motar ko da ya lalace, domin shi ne ma'aunin da za a gwada wanda zai maye gurbinsa.